Ɗaki Mai Gado Uku

Guimaras, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Amado,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da aikinka a Davao. Ni ma da sauƙi, sai ƙafa da kunne. Kunnen ne ya sa na ɗauki alƙalami, don a waya ba na jin komai sai ƙugi.

Kada hankalinka ya tashi, ba abin da ya faru. Ƙanwarka Luz ce ta aiko daga Dubai, ta biya mana kuɗin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ni da ɗanka Teban, saboda cikata shekara tamanin. Zai tashi daga Manila ranar ashirin ga Maris. Teban ne ya zaɓi jirgin, shi ya yi komai.

Ka san ranar da na cika sha takwas mahaifina ya zaunar da ni a gindin mangwaro, ya kurɓi bammin kwakwa, ya miƙo mini kofin. Kai ma haka na yi maka. Teban ya kai ashirin ba wanda ya miƙa masa. Shi da kansa ya tuna mini, ya ce mu yi a cikin jirgi ranar haihuwata.

To sai ga doka. Wai a jirgin nan ba a ba wa wanda bai kai ashirin da ɗaya ba giya, sai in uba ko uwa na tare da shi a ciki, kuma ya amince a gabansu. Na hau kwalekwale na tsallaka Iloilo, ofishin masu sayar da tikiti. Yarinyar wurin mai ladabi ce, ta matso kusa da kunnena, ta kira ni kamar kakanta, ta ce, "Lolo, kaka ba ya cikin waɗanda dokar ta yarda da su." Na ce mata ni na haifi uban. Ta ce ai uban ake nema. Na tambaya ko zai iya rubutowa, ta ce sai ya zo da ƙafarsa.

Na dawo ina ta juya abin. Yaron nan a tudu shi ke yi wa marasa lafiya allura a asibitin da yake koyon aiki, shi ke ɗaga ni in na zame a banɗaki. Da ya hau ruwa kuma sai ya koma jariri. Uwarsa tana Hong Kong, masu gidan da take yi wa aiki ba za su sake ta ba.

Na rubuto ne don ka sani kawai. Ban roƙi komai ba.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka,
Crisanto

*

Davao, 14 ga Fabrairu

Tatay,

Ina gaishe ka. Mahaifina, na samu wasiƙarka, na ji daɗi da kana lafiya.

Na kira ofishin nan. Dokar haka take. Amma na ji wasu abubuwa da ba ka rubuta ba. Ɗakinku gado uku ne, kuma tun Disamba sunana ke kan na ukun. Akwai wani jirgin da zai tashi a makon, wanda ɗan sha takwas ma ba mai tambayarsa. Teban ya ƙi shi, ya zaɓi wannan.

Sannan Teban ba ya shan giya. Kurɓi ɗaya ya yi a bikin wani abokinsa bara, jikinsa ya fito da ƙuraje, idanunsa suka kumbura, sai da aka kai shi asibiti. Ni na biya kuɗin maganin.

Ban sani ba ko kai da shi kuka haɗa wannan, ko shi ya haɗa mu duka.

Ranar da muka binne Nanay, mahaifiyata, na ce ka sayar da gonar ka dawo wurina, don ba na son ka zauna kai kaɗai. Ka ce in fita, kada in ƙara taka ƙofarka. Shekara huɗu ke nan ban taka ba. Idan ka janye maganar, ka faɗa da bakinka, ba ta bakin masu jirgi ba.

Ka riƙa shan maganinka.
Amado

*

Guimaras, 25 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Amado,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, na karanta ta, na ajiye ta a ƙarƙashin hoton uwarka, na jira Lahadi.

Teban ya zo kamar kullum da kifi da magani. Na bar shi ya dafa, muka ci, sannan na ɗora masa takardar a kan faranti. Ya karanta har ƙarshe, ko kunya babu, sai dariya. Na ce masa ɗan nema, giyar da ke kumbura maka ido ita ka sa tsoho ya tsallaka teku a kanta? Ya ce ai motsa jiki yana da amfani ga tsofaffi, a makaranta aka koya musu. Na ɗaga sanda, ya ce in bari sai ya gama wanke kwanuka.

Da ya gama ya zo ya zauna ta wajen kunnena mai ɗan ji. Dariyar ta tafi. Ya ce, "Lolo, duk Lahadi ina ce maka babana yana gaishe ka. Duk lokacin da na kira shi ina ce masa kana gaishe shi. Ba wanda ya taɓa aiko ni. Na gaji."

Amado, gaisuwar nan da ita nake kwana a mako. Har nakan tambaye shi yadda muryarka take lokacin da ka faɗa, shi kuwa ya ce lafiya lau. Ina jin kai ma haka.

Da ya tafi na zauna a baranda ina tunanin dokar nan. Masu jirgi sun ce hankali sai ashirin da ɗaya. Na yi shekaru ina koyar da lissafi, amma wannan bai fita ba. Ga mai tamanin, ga mai hamsin da biyu, ɗan ashirin ne ke ɗauke da mu.

Batun kofi kuwa, ni ma likita ya hana ni giya tun bara. Niyyata in taɓa shi da leɓe in miƙa.

Ka ce in faɗa da bakina. Bakin ya tsufa, ga hannu. Gonar ba zan sayar ba, uwarka tana nan kusa kuma ban iya nisa da ita. Amma maganar ƙofa na janye ta. Ka zo, Toto, kamar yadda nake kiranka kana yaro. Ko jirgi ko ba jirgi, ka zo. Wannan karon roƙo ne.

Allah ya kiyaye hanya.
Mahaifinka,
Crisanto

*

Davao, 6 ga Maris

Tatay,

Ina gaishe ka. Ni da kaina.

Zan same ku a tashar jirgi ranar ashirin da safe. Ka taho da magungunanka da rigar sanyi, a kan ruwa akwai iska. Ka taɓa kofin ka ba Teban, ya riƙe ya miƙo mini, ni zan shanye.

Ka gaya masa gadon sama nasa ne.

Ɗanka,
Toto