Ganyen Ar'ar na Yaya Nura

Daren Laraba, unguwar Cheras

Raina a ɓace yake. Yau Yaya Nura ya gabatar da bincikensa a jami'a, na rufe shagon turare na je, har da sabuwar riga.

Wata uku ke nan da ya kawo min busasshen ganyen wani itace mai suna ar'ar, haɗe da 'ya'yansa, leda biyu, wai jinsi ɗaya ne. Na murza na sunsuna, na ce ƙarya ne, ɗaya ƙamshin kafur yake, ɗaya na ɓawon lemo. Na fasa 'ya'yan: na farko ƙwallo ɗaya, na biyu uku. A waya na karance littafin da ya tabbatar min, da ƙamus a gefe. Da injin jami'arsu ya auna man ganyen, ni ya bai wa gaskiya.

Yau sai ga shi gaban farfesoshi yana ta "na lura, na gano". Da malaminsa ya tambayi ko wane ne ni, ya ce, "Ƙanena ne, shi ke kawo min abinci."

Ɗazu ya turo saƙo: "Sabon ganye ya iso, gobe ka leƙo."

Na amsa masa: "Yaya, mura nake. Ka sunsuna da digirinka."