Sukurun da Baba Rabo Ya Ɗaure

Tafoki

Zuwa ga ɗiyata Zulfa, malamar kimiyya a Ƙanƙara,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tun da aka kashe mana sabis na koma biro, ki yi haƙuri da rubutun mutumin da ya bar makaranta aji huɗu, shi ma malamin ne ya fara gajiya.

Ɗan akwatin da kika haɗa ya iso hannun direba. Na buɗe, wallahi sai da na yi salati. Ɗiyar da na haifa ta haɗa wannan da hannunta, cikin gwangwanin alewa! Na karanta bayaninki: wai mitarmu ta kasuwa ba ta ganin turjiyar waya in ta yi ƙanƙanta, sai ta nuna sifili ko wayar kirki ce ko ta banza. Shi kuwa akwatin yana tura wuta daidai wa daida ta jajayen 'yan maƙalan nan biyu masu kama da bakin kada, baƙaƙen biyu su kai wa mita labari. Ashe waya ma tana da taurin kai, har auna shi ake yi. Da an auna nawa da mitar ta ƙone.

Ga abin da ya sa na roƙe ki. Bohol ɗin sola na gari ya koma ɗiga kamar buta mai huji, mata sun koma rafi. Mutane na cewa Yahuza na Sabuwa, da ya yi mana aikin, wayar jabu ya sa mana. Ni na kawo shi garin nan, tare muka yi kiwo muna yara. Gobe zan cire sola kamar yadda kika ce, in auna wayar, in wanke Yahuza daga zargi.

Mahaifinki, Rabo injiniya.

*

Tafoki

Zulfa,

Sallama. Yau ba wasa a bakina. Na auna wayar daga sola zuwa akwatin injin, gaban mai gari da dattawa. Kin ce tagullar gaske mai wannan kauri da tsawo za ta nuna wajen tara, jabu kuwa ta haura sha huɗu. Sha shida ta nuna. Na sake, sha shida. Ni da na tara mutane don in wanke abokina, ni na shafa mashi baƙi. Sun ce bayan Juma'a za a kai ƙararshi gaban hakimi. Na rubuta mashi.

Af, don ki san ubanki ba kallo kawai yake ba: kafin in fara awon na tarar da wani ɗan sukuru kan shuɗin abu a cikin gwangwanin, sakwa-sakwa, yana juyawa ba ya kamawa. Kin manta ba ki ɗaure ba. Na yi ta juya shi har ya fara ƙas-ƙas. Ba sai kin gode ba.

Rabo.

*

Sabuwa

Malam Rabo,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Tun ba ka da gemu ka san ni. In gwangwanin alewa ya fi ni gaskiya a wurinka, shi ke nan. Zan zo gaban hakimi, amma ba zan sauka gidanka ba.

Yahuza.

*

Ƙanƙara

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Inna, da fatan an tashi lafiya.

Baba, don Allah ka zauna kafin ka ci gaba. Wannan sukurun ba na ɗaurewa ba ne. Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku kusa da shi, aikinsa ya riƙe ƙarfin wuta a wuri guda ko da batir ya fara sanyi. Sukurun shi ke gaya masa inda zai tsaya. Sai da na ɓata yamma guda ina saita shi. Da ka juya, ka ƙara wutar, duk abin da ka auna ya kumbura. Kamar ka canja mudu ne ka ce hatsin mutum bai cika ba.

Ba abin da ya lalace. Cikin murfin na manna wani ɗan abu mai zane-zane, turjiyarsa sananniya ce. Ka kama shi da bakin kadan nan duka huɗu, ka juya sukurun baya a hankali har mita ta nuna ɗari cif. Sannan ka sake auna wayar. In ta fito lafiya, ka bi duk inda aka yi haɗi, ka kama gefe da gefe. Haɗi mai kyau kusan sifili zai nuna.

Ka yi kafin Juma'a, Baba. Baba Yahuza ne ya ba ni mitata ta farko.

Ɗiyarka, Zulfa.

*

Tafoki

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na zauna kamar yadda kika ce, sai dai ƙasa na zauna, don kujerar ma kunyarta na ji.

Na sake tara mutanen. Na ce masu, "Jama'a, mita lafiya lau, mai mitar ne jabu." Mai gari ya ce, "Wannan ai ba sai an auna ba, Rabo." Na juya sukurun baya, lambobi na saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu biyayya, har ɗari. Na kama waya: tara. Tara, Zulfa!

Sai muka bi haɗe-haɗen. Na farko shiru, na biyu shiru. Na gindin akwatin injin, wanda ido ke gani lafiya ƙalau cikin baƙin tef, ya nuna talatin. Ɗan wurin da bai kai gaɓar yatsa ba ya fi wayar duka gardama har ninki uku. Muka kware tef, ga tsatsa koriya shar, ruwan damina ya shige. Na kankare, na ɗaure, wannan karon inda ya kamata a ɗaure. Muka mayar da sola. Kafin la'asar tanki na ambaliya, Halimatu Sa'adiya mai ƙosai ta rangaɗa guɗa.

Ni kuwa na kasa tashi daga wurin. Wuta ba a ganinta, turjiya ba a ganinta, amma Allah Ya sa wa kowace ƙa'ida, ba ta ƙetarewa ko a Tafoki ko a birnin Sin. Kuma Ya nufa ɗiyar Rabo ta san ƙa'idar. Subhanallahi. Na yi ta kallon gwangwanin nan kamar ban taɓa shan alewa ba.

An fasa zuwa gun hakimi. Saura Yahuza. Na rubuta mashi komi, ban rage wautata ko ɗaya ba. Ban sani ba ko zai amsa.

Ubanki, Rabo, injiniya mai ritaya.

*

Sabuwa

Rabo,

Salam. Ina nan tafe Asabar, a yanka zakara. Ka ce wa Zulfa ina son irin akwatin, amma ta ɗiga wa sukurun jan farce ya kafe. Kai kuma sukudirebanka ka ba mai gari ajiya kafin in iso.

Naka, Yahuza.