Rami na Goma Sha Huɗu

Ofishin Babbar Gasar Golf,
Ardmorran, Scotland.
3 ga Maris.

Zuwa ga Mista Struan Meikle,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, kwamiti ya umarce ni in tuna maka cewa bana ka cika shekara sittin. Bisa ƙa'ida, wannan ce shekara ta ƙarshe da kake da ikon shiga gasa a matsayin tsohon zakara. Mun ga ka aiko da sunanka, abin da ka yi shekara talatin ba ka yi ba.

Da yawa daga cikin tsofaffin zakarunmu liyafar ranar Talata takan ishe su. A ɗauke su hoto da kofi, su ɗaga wa jama'a hannu, kuma ba mai ganin kasawarsu. Filin ya ƙara tsawo tun zamaninka, ga shi ba a yarda ɗan wasa ya hau mota ba: rami sha takwas a ƙafa ranar Alhamis, haka ma ranar Juma'a. Muna roƙon ka sake tunani.

Naka cikin ladabi,
Hector Wedderburn, Sakatare.

Pittenweem,
10 ga Maris.

Yaya Ishbel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Dougal da jikoki. Yaya sanyin Cullen? Na ɗauki biro ne saboda na san in na buga waya, kina jin muryata za ki kife ta.

Zan shiga gasar bana. Ita ce damata ta ƙarshe. Sakatarensu ya aiko mini da takarda mai santsi kamar man shanu, wadda ma'anarta in zo in ci nama, in yi murmushi, in koma gida. Na amsa masa cewa ya rubuta sunana da tawada.

Ina so ki ɗaukar mini jakar sanduna. Ke kika ɗauke ta shekarar da na ci kofi, kuma har yau ban ga wanda ya san iskar Ardmorran kamar ke ba. Kwana biyu ne kawai. Ban rubuto don in tono tsohon zance ba, abin da ya wuce ya wuce.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanenki,
Struan.

Cullen,
22 ga Maris.

Struan,

Muna lafiya, Dougal ya amsa. Ka gaida matarka Effie, baiwar Allah mai haƙuri.

Abin da ya wuce ya wuce? A wurinka ke nan. Bari in tuna maka, tunda na ga kanka ba ya riƙe abin da bai yi masa daɗi ba.

Shekara guda bayan ka ci kofi muka dawo kare shi. Tun safe wasa ya ƙi ka. Da muka iso rami na sha huɗu, wanda teku ta raɓe shi ta hagu, na ce maka, "Yadi ɗari da sittin da uku ne, iska tana gaba da mu, karɓi sanda ta biyar, ta fi kai ƙwallo nesa." Ka ce, "Ba ni ta bakwai, Ishbel, ki daina mini surutu sai ka ce Innarmu." Na ba ka. Ƙwallo ta faɗa ruwa. Ka sake bugawa, ta bi 'yar'uwarta. Sai kawai ka dafe wuyan hannu, ka yamutsa fuska, ka yage katin da ake rubuta yawan bugunka, ka fice daga fili don kada a manna mummunar lambar a allo duniya ta gani.

Da nan ka tsaya, da ban ce komai ba. Amma ka zauna gaban 'yan jarida ka ce mai jakarka ce ta yi kuskuren awo. A lokacin mu mata biyu ne kacal muke wannan aiki. Washegari wata jarida ta zana ni da ludayin miya ina auna fili. Daga ranar ba ɗan wasan da ya sake nema na, na tattara na koma kyafa kifi. Baba ya rasu yana zaton ni na kayar da ɗansa. Wannan ne ba ya barin zuciyata, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Ba zan zo ba. Na san halinka tun kana rarrafe. In wasa ya yi daɗi ka ɗaga hula, in ya ɓaci ka nemi ƙofa da wanda za ka ɗora wa. A sittin ba a sake hali. Ka je ka ci namanka.

Ka huta lafiya.

Ishbel.

Pittenweem,
14 ga Yuni.

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki. Wata uku wasiƙarki tana aljihun rigata, sai yau na iya amsawa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna na dama ne yake rawa. Shekara biyu ke nan. Likita ya ba abin suna mai tsawo, ni ban riƙe ba.

Awonki daidai ne. Ta biyar ce sandar. Wuyan hannuna kuma lafiyarsa ƙalau, tsoron lambar na ji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Effie sai makon jiya. Ta ajiye butar shayi ta dube ni ta ce, "Tsoho, kai kaɗai ne a garin nan kake zaton ba a sani ba."

Kullum da sanyin safiya ina fili. Ina tafiya mil shida, ina buga ƙwallo ɗari. Rabinsu ko tunkiya ba za su tsoratar ba. Effie ta ce, "Kofin shayi ma gagarar ka yake yi, sai ƙwallo?" Na ce mata shayi zubewa yake, ƙwallo kuwa tana zaune tana jira na. Ta ce to Allah ya ba ƙwallon haƙuri.

Ba cin kofi zan je ba, ban haukace ba. Akwai kati guda da ban ƙarasa ba, shi zan je in ƙarasa, in sa hannu a ƙarƙashin duk lambar da ta fito. Na yi hayar wani mutumin Ardmorran ya ɗaukar mini jaka, saboda haka ba roƙon ki nake sake yi ba. Ba kuma zan nemi gafara a cikin ambulan ba, tunda ba a cikin ambulan na ɓata ki ba. Ki dai kunna talabijin.

Allah ya bar mu da lafiya.

Ƙanenki,
Struan.

Ardmorran,
Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma.
A miƙa hannu da hannu.

Mista Meikle,

Barka da hutawa. Kwamiti ya ji abin da ka miƙe ka faɗa game da yayarka a liyafar ranar Talata, gaban zakaru ashirin da biyu da 'yan jarida, cewa awonta daidai ne, kai ka yi mata ƙage. Ba a saba yin irin wannan jawabi a wurin ba, amma ba wanda ya kawo ƙorafi.

Batun yau ne ya sa na rubuto. Bugu casa'in da shida ka yi, sha ɗaya daga ciki a rami na sha huɗu kaɗai. Tun da aka fara ajiye lissafin gasar nan ba a taɓa rubuta lamba mai yawan wannan ba. A ɗakin karɓar kati na raɗa maka cewa in ba ka sa hannu ba, ba za ta shiga littafi ba. Ka ce in danne maka katin kada ya zame, ka sa hannu. Yanzu tana kan allo.

Ƙa'ida ta ba ka damar janyewa daga wasan gobe bisa dalilin lafiya, kuma likitanmu a shirye yake ya rubuta maka shaida. Sauran maganar tawa ce, ba da yawun kwamiti ba. Ina ɗan shekara sha biyu na tsaya bayan igiyar 'yan kallo ranar da ka ɗaga kofi. Yau na ji wasu suna dariya a na sha huɗu, abin ya yi mini ciwo, kuma ba na son in sake ji.

Naka cikin ladabi,
Hector Wedderburn.

Mista Wedderburn,

Na gode ƙwarai, har zuciyata. Ka bar likita ya huta. Ƙarfe nawa zan fara gobe?

S. Meikle.

Alhamis, a teburin karɓar baƙi na masaukinka.

Struan,

Sannu da aiki. Sun ce kana jiƙa ƙafa a ruwan zafi, na ce kada su tashe ka.

A shagonmu na kifi na kalla. A na sha huɗu mutumin da ka yi haya ya miƙa maka sandar da ko a ranar da ba iska ba za ta tsallake ruwan ba, ka karɓa ba musu. Na yi ihu har Dougal ya saki tiren kifi. Wannan karon kam laifin mai jaka ne, da idona na gani. Da ɗan jarida ya tambaye ka, ka ce kai ka buga, kai ke da lambar. Nan na cire rigar aiki na ɗauki makullin mota.

Ka sallami mutumin cikin mutunci. Bakwai saura kwata za ka fara, ina bakin rami na farko tun shida. Ka rage sanduna uku, kafaɗata ba ta da ba ce.

Ban ce na yafe ba. Rami sha takwas tafiya ce mai nisa, za mu yi magana a hanya. In na gaza kai za ka ɗauki jakar, in ka gaza ni zan riƙe ka, amma ba mai barin filin nan sai an sa hannu.

Sai da safe.

Yayarka,
Ishbel.