Sunan Vero a Mujallar Likitoci

Kusada, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Zuhura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa miki karatu can Ibadan. Mu nan lafiya lau. Kaka ta ji sauƙin ƙafarta, har ta je Dudunni ganin girbin gero, Kamilu kuma ya gama rufin ɗakinsa.

Kin ce mini aikinki yanzu shi ne bin mujallun likitoci na shekara ashirin, kina ƙirga masu rubuta bincike, mata nawa, maza nawa, daga ina suke, kuma da wuya ki ga ma'aikatan ƙananan asibitoci irina. To, ga labari.

Likita Niyi, wanda ya taɓa aiki a Kankiya, ya rubuta bincike kan saran maciji da damina. Da rajistar marasa lafiya da ni da abokiyar aikina, marigayiya Vero, muka yi shekara goma sha ɗaya muna cikawa ya yi shi. Ya zo har gida ya ce zai sa sunayenmu cikin marubuta. Na ce godiya ma ta isa, ya ƙi, ya ce sai dai in karanta in amince. Kwana huɗu ina fama da Turancinsa. Na iske ya rubuta wai mutanenmu na makara zuwa asibiti ne don sun fi son mai maganin gargajiya. Na shaida masa yawancinsu ruwa ne ke yanke musu hanya, ɗan acaba bai iya wucewa, kuma Vero ta sha rubuta haka a gefen shafi da jan biro. Ya duba, ya gyara, har ya ba ni haƙuri.

Mujallar ta ce tunda Vero ta rasu, sai da yardar iyalinta. Na tafi Kankiya shagon mijinta Okon, wata bakwai kacal da rashin. Ya daɗe yana kallon takardar amincewar, sannan ya ce ya sha yi mata faɗa kan rajistar nan da take ɗaukowa gida ran Lahadi. Ya sa hannu, ya roƙi a rubuta Veronica cikakke, kada a taƙaita da harafi ɗaya. Ya ce, "Ina so ɗiyarmu Prudence ta karanta sunan uwarta da kanta." Na karɓi takardar na sa a jaka. Da aka kira la'asar na yi masa sallama.

Za a buga a Janairu, in sha Allah. Yarinyar tana aji biyu, ta fara haɗa baƙi. Na yi mata alkawarin kai mata mujallar da hannuna, mu karanta tare.

Kaka, Adda Kulu da Hawwa'u suna gaishe ki. Ki gai da Abdullatif, ki kuma riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taki har kullum,
Gwaggonki Halimatu Sa'adiya