Ratsi Biyu a Damtsen Hagu

Daegu, ƙarshen kaka

Zuwa ga Yayana Taesop,

Ina miƙo gaisuwar girmamawa irin ta ƙanwa ga babban wanta, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Hyeran da 'yan matanku biyu. Allah Ya sa wa shago albarka, Ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce shi ke hana ka doguwar tafiya a jirgi. Mu nan da sauƙi. Sanyi ya fara shigowa, ganye ya yi ja ya zube, mun rataye kanya a baranda tana bushewa, kimchin hunturu ma, kabejin nan da muke tsimawa da yaji, mun gama haɗa shi. Maigidana Dongchun yana nan da gwiwarsa da mitarsa, 'yarmu Boram kuma ta yi nauyi, muna sa ran saukarta kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Na zaɓi takarda ba waya ba saboda na san halinka. A waya, da magana ta fara zafi sai ka ce ga mai saye ya shigo, ko ka ce ba ka ji sosai. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, domin raina a ɓace yake, kuma ba mutum ɗaya ne ya ɓata shi ba.

Bari in fara da autanmu Gyuhwan. Tun da ya samu aikin nan a babban kantin Seoul, na zaɓo wa maza masu hannu da shuni kayan sawa, babu wata magana a bakinsa sai ta yayi. Bana ya je Milan ya dawo mana da sabon karatu. Wai a kaka da hunturun bana, namiji mai aji ba ya sa kwat daidai jikinsa, sai wadda kafaɗarta ta zubo har damtse, tsawonta ya kai idon sawu, kamar yaro ya sato ta ubansa. Wando ya zama buhu yana sharar titi. Launi kuma wai an daina shuɗi, sai ruwan ƙasa, da jan da ya kusa zama baƙi, da baƙin kansa. Kada a ga sunan kamfani ko'ina a jikin riga, wai mai kuɗin gaske ba ya talla, laushin ulun ne zai faɗa wa mutane ko shi wane ne. Har wata rigar saƙa ya nuna mini wadda aka tsattsage bakinta da gangan. Na ce masa Umma ta ƙarar da idonta tana ɗinke mana irin wannan don kada a yi mana dariya a makaranta, yanzu kuma sayen yagar ake yi. Ya ce ni 'yar Daegu ce, ba zan gane ba. Mutumin da ya doshi hamsin, furfura ta fito masa, shi ke gaya mini haka.

Duk wannan da dariya nake bin sa, har ranar bikin cikar Umma shekara tamanin, bikin da ka yi alkawarin zuwa sannan ka aiko cewa lokacin kayan bazara ne a Buenos Aires, ba za ka iya barin shago ba. Mun kama zaure a gidan abinci, dangi sun cika. Umma ta sa kayanta na gargajiya, hanbok ɗin nan mai ruwan hoda da ja, ta yi kyau har na ji ƙwalla. An kawo miyar ganyen teku da wainar shinkafa, amma ita idonta na kan ƙofa. Na gaya mata ba za ka samu zuwa ba, ta gyaɗa kai, jimawa kaɗan ta sake tambayata ko jirginka ya sauka. Gyuhwan kuma ya makara, kamar yadda ya saba, don ya shigo kowa na kallo.

Ya kuwa samu kallon. Ya shigo cikin baƙar kwat har ƙasa, ya ƙi tuɓe ta a bakin ƙofa ko da ma'aikaciyar wurin ta miƙo hannu. A damtsensa na hagu an ɗinke wani ƙyalle mai kaushi, fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa kamar saƙar rama, da baƙin ratsi biyu a kwance. Yaya, zauren nan ya yi tsit. Kawu Pansu ya miƙe tsaye da hannu a ƙirji. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka kyan kwat ne ya kashe bakin mutane, ya taka a hankali har gaban Umma, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa yana yi mata fatan tsawon rai.

Ko da ka daɗe a ƙasar mutane, na san ba ka manta ba, don kai ka ɗaura irinsa ranar jana'izar Baba. Hagu, in namiji ne ya rasu. Ratsi biyu, na wanda makokin ke wuyansa. Idon Umma ya yi rauni, amma hankalinta garau yake. Ta duba zauren, duk mazan gidanmu suna nan ban da kai. Ba ka da ɗa namiji, don haka in wani abu ya same ka, Gyuhwan ne zai ɗaura. Ta ajiye cokali, ta kama hannun rigarsa, ta ce a hankali, "Yaushe Taesop ya tafi, kuka bar ni na sa jar riga?"

Ka san abin da ɗan'uwanka ya yi? Dariya. Ya ce, "Haba Umma, ado ne fa. Haka gidan ɗinkin nan ya yi wa duk kwat ɗinsa bana, rabin samarin unguwar masu kuɗi ta Gangnam shi ne a hannunsu." Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi a kai ta gida, ta gaji. Abincin da na yi ta zirga-zirga a kansa haka aka kwashe shi, baƙi suka watse suna magana ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya ka san wani ɓangarensa, tunda ni na kira ka ta bidiyo a ranar na ce ka gaishe ta. Ka ɗaga hannu, ka yi murmushi, ka ce mata kana lafiya, ka kashe ka koma harkarka, kana ganin an gama. Abin da ban gaya maka ba shi ne abin da ta ce bayan ka kashe. Ta ce ta gani a talabijin yadda ake sa na'ura ta ɗauko fuskar mamaci ta yi magana da muryarsa, kada mu mai da ita yarinya. Kunnenta ya yi nauyi, muryarka a waya da ta mai karanta labarai duk ɗaya ne a wurinta. Kuma wa zai ga laifinta? Lokacin da ƙanwarta Inna Malsun ta rasu, Umma na kwance an yi mata aikin zuciya, kai ne ka hana a gaya mata. Na ce ba daidai ba ne, ka ce kai ne babba. Aka yi ta ce mata Inna ta tafi tsibirin Jeju hutawa, har sai da ta ji a bakin mai sayar da kifi. Tun daga ranar ta san 'ya'yanta sun iya ɓoye mutuwa da fuska a sake.

Washegarin bikin na tare Gyuhwan da almakashi. Ya fizge kwat ɗin ya rungume kamar jariri, wai ƙyallen nan shi ne darajarta, in an cire ta zama kwat kawai. Wai Baturen da ya zana ta bai san al'adarmu ba, daga tsohuwar rigar 'yan wasa ya ɗauko ratsin. Na ce shi Bature bai sani ba, kai fa? A wane gari aka haife ka? Wa ya tsaya kusa da Yaya ranar jana'izar Baba yana sharɓar majina? Ya ce a Seoul babu mai irin wannan tunanin yanzu. Na ce to a Seoul ɗin aka yi bikin? Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Daga baya jikinsa ya yi sanyi, ya je gaban Umma ya warware ƙyallen da hannunsa, yana hawaye yana rantsuwa kana raye. Ta dube shi, ta dubi ƙyallen, ta ce, "To, kwanakin makokin sun cika ke nan." Ta karɓa ta ninke, ta sa a aljihun tebur tare da hotonka na soja.

Ga halin da muke ciki. Ta daina sa kaya masu launi. Shinkafa sai na zauna a kanta take cin loma kaɗan, rigunanta sun fara yi mata yawa, ita da ba ta bin yayin kowa. Likita ya ce bai ga wani sabon ciwo ba, amma zuciya irin tata ba ta son doguwar damuwa. Ba ta yi wa kowa faɗa, ba ta zargin kowa. Ta ma ce mini ta gode da muka so mu rage mata zafi. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Kwanan nan ta ce in kai hotonka a faɗaɗa shi a sa masa baƙin katako, domin ranar tunawa da Baba ta matso, farkon watan ƙarshe na kalandarmu ta gargajiya. Ta ce bana kwanon shinkafa biyu za a ajiye a teburin tunawar, na Baba da naka, a soka wa kowanne cokali a tsaye, kuma ni da Gyuhwan za mu durƙusa maka sau biyu, yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Yanzu saura kai. Gyuhwan sakarai ne, na yarda, ya bar masu mujalla sun karɓe masa ido har bai ga abin da kowace tsohuwa a kasuwar Seomun za ta gani daga nesa ba. Amma da kana zaune a zauren nan, da an yi masa tsiya an sha dariya, Kawu Pansu ya ja masa kunne, shi ke nan. Kujerarka da babu kowa a kai ce ta mai da wautarsa mutuwa. Ku biyun nan sana'arku ɗaya kuma cutarku ɗaya: shi yana bauta wa kayan hunturu, kai kana bauta wa na bazara. In muna sanyi ka ce ku zafi ne, kasuwa ta buɗe. In muna zafi ka ce sabon kaya ya iso. Shekara nawa ke nan babu lokacin da ya dace da uwarka? Ina jin haushinka, Yaya, kuma ina kewarka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Kada ka aiko da tsaraba, kada ka sake kiran bidiyo. Abu ɗaya ne zai shiga kanta, ta kama hannunka ta ji ɗuminsa. Ka bar wa Yaya Hyeran shagon, ta fi ka iya ciniki ma. In ka ce ba ka da kayan sanyi, tsohuwar kwat ɗin Baba mai ruwan ƙasa tana nan, na kai an wanke. Ta yi maka girma, gefen hannunta ya cinye, Gyuhwan ya ce daidai yayin bana ke nan.

Ka gaishe mini da Yaya Hyeran, ka ce na san ita za ta fahimce ni. Ka shafa mini kan 'yan matanka Lusiana da Sol, ko da yake na ji sun fi ni tsawo. Dongchun da Boram da mijinta suna gaisuwa, haka ma Kawu Pansu. Gyuhwan ya ce in ce ka yafe masa, na ce ya jira ya faɗa da bakinsa. Umma ba ta aiko da gaisuwa ba, ka san dalili.

Kwanon na biyu ta riga ta sa na wanke shi na ajiye. Ranar Baba za a zuba shinkafa a cikinsa ko ka zo ko ba ka zo ba. Kai za ka zaɓa, ko ka zauna kusa da ita ka ci da hannunka, ko in soka masa cokali a tsaye.

Ƙanwarka mai jiranka,
Sukhyang