Abin da Kika Sani Ranar da Aka Binne Odongo

Zuwa ga Yayata Aoko, a Mombasa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ubangiji ya ƙara miki lafiya, tunda ke kam kina da ita. Mu nan bakin tafki an yi ruwa, masara ta yi kyau, Mama na nan tana fama da gwiwarta. Ni na daina fita kamun kifi, hannuna ba ya iya jan koma. Autanmu Ogutu ne ke fita da kwalekwalen.

Yaya, na je asibiti a Homa Bay an ɗebi jinina. Ƙanjamau ce. An gwada Awiti, matar marigayi Yaya Odongo da kuka sa na gada, tana da ita. Matata Anyango ma haka, ita da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ma'aikaciyar asibitin ta zaunar da ni ta ce ƙwayar na bi ta jini da kwanciyar aure da nonon uwa. In ta shiga sai ta yi lamo shekaru, mutum na cin tuwonsa yana dariya, ita kuwa tana cinye garkuwar jikinsa a hankali. Sai ta gama, sannan tarin da dā ke wucewa ya zauna daram, zawo ya ƙi tsayawa, mutum ya rame har yaransa su riƙa tsoronsa. Tana magana, ni kuwa Odongo nake gani kwance a tabarma.

Kin tuna abin da dattawa suka ce a wurin binne shi? Wai chira ce ta kama shi, ciwon karya al'ada, don ya yi shuka kafin Baba ya yi. Suka ce Awiti ba ta shiga gona ko gidan kowa sai an gaje ta. Na yi ta noƙewa. Ke kika ja ni bayan rumbu kika ce wai ni namiji ne kuwa, zan bar 'ya'yan ɗan'uwana su zama na titi? Na ji maganarki, don ke kika goya ni.

Ranar Lahadi Mama ta kawo mini kunu, ta ga ƙasusuwan wuyana, sai kuka ya ƙwace mata. A nan bakinta ya suɓuce. Ta ce ke kika kai Odongo asibiti a Kisumu, a gabanki likita ya faɗi sunan ciwon, kika dawo kika ce mata ta ja bakinta, in ba haka ba babu mai sayen kifinmu, babu mai auren 'yan matan gidan. Ashe kina sane, Yaya. Kina sane kika riƙe hannuna a bayan rumbun nan. Wallahi ciwon bai ci ni kamar wannan ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Dattawa sun sake zama gindin mangwaro, sun ce tawa ma chira ce. Baffa Ochola ya ce asibiti me ta sani a kan ciwon gidan mutane? Har sun fara kallon Ogutu, wai in ta Allah ta kasance shi zai gaji matan nan biyu. Na gaya wa Ogutu gaskiya, ya yi dariyar yaƙe ya ce ni dai in warke, mata biyu sun fi ƙarfin kwalekwalensa. Amma na san shi, ba zai iya ce wa manya a'a ba, kamar yadda na kasa. Ni ba sa jin tawa, sun ce zafin ciwo ne. Ke kika ji daga bakin likita. Ki zo kafin Kirsimeti ki tsaya gabansu ki faɗa.

Mama na gaishe ki, Awiti ma. Anyango ta ce kada in sa sunanta. Ki gaida maigidanki Okumu, da Atieno da ƙaramin Odongo. Ban yafe miki ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki zo. Ƙane ɗaya ya rage miki mai lafiya.

Ni ne ƙanenki,
Owuor