Rasuwar Baba Jakada, Wanda Aka Aika Sannan Aka Musanta

Cikin alhini da ɗacin rai Ƙungiyar Tsofaffin Jakadu da Ma'aikatan Ofisoshin Jakadanci ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma mai gidanta, Mai Girma tsohon Jakada na Musamman, wanda duk muke kira Baba Jakada, wanda Allah Ya karɓi ransa jiya da hantsi a ɗakinsa, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi yana wa ƙasar nan hidima, takwas daga ciki yana kai gwauro yana kai mari tsakanin maƙwabtanmu biyu, ta gabas da ta yamma, waɗanda ba sa ga maciji da juna saboda ruwan kogin da ke tsakaninsu. A ƙa'idar aikinmu, saƙo mai nauyi ba a rubuta shi, shugaba ne ke faɗa wa jakada da baki, jakada ya kai da baki. Da haka Mai Girma tsohon Shugaban Ƙasa ya aike shi gabas ya ce musu ƙasarmu na bayansu, bayan mako biyu ya aike shi yamma da irin wannan alkawari.

Da ƙasashen biyu suka gano, aka rufe mana iyakoki, sai tsohon Shugaban ya fito a talabijin ya ce shi bai aiki kowa ba, jakada ne ya yi gaban kansa. Haba! Mutumin da ko hutu ba ya tafiya sai da izini? Aka kore shi, aka karɓe makullin ofis a gaban masinjojinsa. Shekara goma sha ɗaya jaridu na kiransa maƙaryaci, bai taɓa buɗe baki ba, domin rantsuwar riƙe sirri da ya yi. Mu ma mun yi shiru, kuma wallahi shirun nan yana ci mana rai har gobe.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya ba maiɗakinsa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin jure wannan babban rashi.

Mun ji sanarwar cewa Mai Girma tsohon Shugaban Ƙasa zai je gidan makoki gobe. Ranka ya daɗe, ƙofa a buɗe take. Mu uku da muke tsaye a ofishinka ranar da ka ba da saƙon nan na biyu muna raye, amma rantsuwa ta ɗaure mana baki, kai ne kawai ba ta ɗaure ba. 'Ya'yansa za su zauna a gabanka. Ka faɗa musu ubansu bai yi ƙarya ba. In ba za ka iya ba, ka yi zamanka a gida, mun yafe gaisuwar.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma tsohon Sakataren marigayi,
a madadin Shugaban Ƙungiya da ɗaukacin membobi.